Rabi da Ma'aunin Paraku

Tun ranar da na sauko daga motar Paraku ba ku bar ni na sha iska ba. In na zo rumfa, "Mairo, yaya Rabi?" In na je famfo, "Mairo, mi ake ci can?" Har ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ni daga tasha sai da ya waiwayo, muna tsakiyar titi, wai gaskiya ne ana juye jinin mutum a bokiti a wanke shi da sabulu? Na ce ya dubi gabansa kafin a juye nawa a kwalta. To ku matso, sau ɗaya zan faɗa, wadda kuma ta katse ni ta tashi ta koma wurin albasarta.

Kun san Rabi ɗiyar kawuna ce, taubashiyata. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa babu zagi ba, ita ta ce ni baiwarta ce, ni in ce ita ce tawa. Kun kuma san sana'arta. Shekara da shekaru tana ƙetare gadar nan tsakanin Malanbil da Gaya, ta tafi siririya ta dawo da ƙiba, duwan, wato 'yan kwastan, na kallo suna yi mata sannu da nauyin jiki. Abin da wasunku ba su sani ba, ciwon sukari da tansiyo, wato hawan jini, sun daɗe suna cin ta a ɓoye. Da ƙafafu suka kumbura, fitsari ya ja baya, amai ya ƙi tsayawa, likitan nan garin ya ce ƙodojin sun gaji, sai wankin jini da inji, injin kuwa sai Paraku. Ɗiyarta Zalika na cikin jego, saboda haka rakiya ta faɗo kaina.

Uwar Rabi kwance ta ƙare, ɓarin jiki a shanye, ana juya ta ana share mata yawu. Rabi ce ta yi jinyar. Muna zaune a tasha ana ɗaura kaya ta ce mini, "Ke baiwa, ni mutuwa ba ta dame ni ba. Kwanciya irin ta Inna ce ba ni so." Na ce ta kwantar da hankalinta, bakinta ya fi ƙarfin a shanye shi. Ta ce Allah ya tsine wa albasata. Muka shiga mota.

Motar irin wadda kuka sani ce, ta mutum biyar an cusa tara, ga buhun tattasai a kan gwiwata. Rabi ta cinye wurin mutum biyu, don ta yi shiri kamar mai zuwa gidan biki: zane kan zane, awarwaro har gwiwar hannu, ƙugu ya yi faɗi fiye da yadda na san shi. Na ɗauka kumburin ciwo ne, har tausayi ya kama ni.

Ba mu wuce Gene da nisa ba aka tsayar da mu. Mu da muke kwana muna tashi da iyaka a bayan ɗaki, sai ga shi an tare mu a tsakiyar ƙasarmu ana tambayar mi muka ɗauko. Wani ɗan duwan ya leƙo ya ƙare wa Rabi kallo. Nan take ta lumshe ido, ta saki wuya, ta fara nishi, "Wayyo ƙodata, wayyo ɗan nan, kai ma Allah ya ba uwarka lafiya." Yaron ya ja da baya yana ba da haƙuri. Muna tashi ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Sabon hannu ne." Na ce mi kika ɓoye kuma? Ta ce kanwa ce 'yar kaɗan, tsarabar mai masauki, a ɗamarar da take ɗaurawa ƙarƙashin zane. Jama'a, kanwa! Wa zai tare ki a kan kanwa? Ta ce ita dai ba ta iya tafiya jikinta ba kaya, ji take kamar tsirara ta fito.

Daga Kandi hanya ta zama ta manyan motocin kamiyon masu ɗaukar auduga. Muka bi bayan wani har audugar da iska ke tsinkowa ta rufe mana gilashi, direba na tuƙi yana leƙe ta taga yana zagin uwar wanda bai ji shi ba. Wajen Bambarake taya ta fashe. Muka zauna gindin mangwaro, a nan na fara ganin gaisuwar Bargawa, mutanen yankin. Mata biyu suka haɗu, kowacce da tulu, suka sauke, suka durƙusa, wannan ta ce "oo" waccan ta ce "oo", har aka canza taya ba su miƙe ba. Na ce wa Rabi da haka muke gaisuwa a kasuwar Malanbil da albasa ta tsiro kafin a sayar. Ba ta yi dariya ba. Numfashinta ya fara yin sama, leɓɓanta sun bushe, na roƙi direba ya wuce da mu asibiti kai tsaye.

Ɗakin wankin jinin ba bokiti ba sabulu. Kujeru ne a jere, kowace da injinta, jini ya fita ta wata igiyar roba ya zaga cikin injin ya dawo ta wata. A bakin ƙofa kuma ma'auni, irin wanda ake hawa. Kafin a taɓa ka sai ka hau, in an gama ka sake hawa. Rabi ta hau shi yadda ta sauko daga mota, da zannuwanta da awarwaronta da ɗamararta, ni kuwa hankalina a tashe ban ko tuna ba. Aka sa mata robar a wuya, aka yi wankin farko, aka riƙe mu 'yan kwanaki har ta dawo hayyacinta. Duk hawan da ta yi a kwanakin nan da shirinta ta yi shi, don ko barci ba ta yarda ta kwance ɗamarar a cikin baƙi.

Majon, wato babbar nas da ke kula da ɗakin, wata Babargiya ce, Madam Bake, doguwa, tana jin yaren Dendi kamar 'yar Malanbil. Ranar da za a sallame mu zuwa masauki ta zaunar da mu. Ta ce yanzu an san nauyin Rabi na gaskiya, wato in babu ruwan da ya taru. Duk abin da ya ƙaru a kan wannan tsakanin wanki da wanki ruwa ne, shi injin zai janye.

"Hajiya," in ji ta, "ƙodarki ba ta fitar da ruwa, ba ta fitar da gishiri. Abin da kika sha yana nan cikinki har ki dawo wurina. Ruwa ya yi yawa, tansiyo ya hau. Tansiyo ya hau, jijiya a kai ta toshe ko ta fashe. Masu wankin jini sun fi kowa shiga wannan hatsarin, ke kuma ga sukari, ga shekaru."

Rabi ta ce, "Shekarun wa? Wagga ta girme ni."

"Kina cin taba?"

"A'a."

Na ce, "Tana ci."

Madam Bake ta ce a daina. Ta ɗora yatsu a wuyan hannun Rabi ta saurari bugun, ta ce in ta taɓa jin zuciya na tsalle-tsalle ta faɗa, don shi ma yana jefa gudan jini zuwa kai. Kada ta tsallake wanki ko da wa ya mutu, kada ta bar ƙwayoyin tansiyo, kuma watannin farkon nan su ne abin tsoro. Ta nuna mana wani tsoho a kujerar ƙarshe, tsohon malamin lakwal, makarantar boko, hannu ɗaya a naɗe a ƙirji, matarsa na goge masa baki. Rabi ta kau da kai, ta kama gyaran ɗankwali.

Masaukinmu a zango yake, gidan Inna Azumi, wata tsohuwa da ta taɓa aure a danginmu. Mace ce mai kirki, kirkin da zai iya kashe mutum. Ɗaki ta ba mu mai taga ɗaya, kusa da wata mai dakan sakwara. Mutanen can doya ce ransu. Da safe doya, da rana doya, da dare a daka ta su huɗu a turmi ɗaya, a ci da miya da cukun Fulani da suke kira wagashi. Ni da na saba da tuwon gero da kifin kogi, sati na farko cikina ya ɗauka dutse nake aika masa. Har kabu-kabu can sunansa daban, zemijan, kuma in ka ce a rage sai ya tafi ya bar ka tsaye, ba irin namu ba da za ku yi ciniki har ku gano dangantaka.

Na gaya wa Inna Azumi dokar likita: ba gishiri, ruwa kuma ɗan abin da aka auna a butali, wato kwalba. Ta dafa ƙirji ta ce, "Ɗiyata, gishiri ya bar gidan nan." Kuma wallahi ta cika alkawari, ko ƙwaya ba ta ƙara sawa ba. Sai dai miyar kullum da daɗi, har na fara yaba hannunta. Ashe dunƙulen magi take zubawa bibbiyu, da busasshen kifi mai gishiri, da kanwa.

Sai 'yan dubiya. Labari ya zaga zango cewa Hajiya Rabi ta Malanbil na kwance, duk wanda ya taɓa sayen atamfa a hannunta, ko ya taɓa jin sunan kawu, ya zo da kwano. Wannan fura, waccan kunun kanwa, wancan kilishi, wani malami kuma ya aiko rubutu cike da galan. Kun san halinmu, ba a mayar da kwanon dubiya yadda ya zo. "Ko cokali ɗaya, Hajiya, don zumunci." Na zama jandarma a bakin ƙofa. Wata ta ce mini, "Baiwar Allah, fura ai ba ruwa ba ce." Mai rubutu ya ce ayar Allah nake hanawa. Na ce ayar na karɓa, galan ɗin ne ban karɓa ba, a ba ta cokali guda a shafa mata sauran. Kafin sati biyu sunana ya ɓaci a zangon Paraku, ana cewa taubashiyar nan so take ta kashe ta da ƙishi ta gaji awarwaro. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Na shiga bayan ɗaki na yi kukana, na wanke ido na dawo bakin ƙofa.

Abin da ya kwantar mini da hankali ma'auni ne. Sau uku a sati muke zuwa, kullum Rabi ta hau, abin da ya ƙaru kaɗan ne. Ta sauko tana taƙama, "Kin gani, baiwa? Ni da ma'auni ba mu taɓa faɗa ba." Ta tsani ranar da aka janye ruwa da yawa, don ƙafafunta kan ɗaure, jiri ya kwashe ta, ga faɗan Madam Bake a gaban mutane. To yanzu ba faɗa ba ɗaurewa. Tansiyo ne kawai ya ƙi sauka. Madam Bake ta duba ma'auni, ta duba tansiyo, ta danna ƙafar Rabi da yatsa wurin ya lotsa. Ta ce, "Wani cikin biyun nan ƙarya yake yi." Aka ƙara ƙwaya, ta ce ranar Litinin likita zai sake duba nauyin gaba ɗaya. Ranar Juma'a ke nan, kuma daga Juma'a zuwa Litinin shi ne tazara mafi tsawo ba wanki.

Ranar Lahadi da hantsi ina neman allura na buɗe akwatin Rabi. Ga awarwaro a ƙulle cikin ɗankwali. Ga zannuwa biyu masu kauri da ta zo da su a jiki. Ga ɗamara, aljihunta duk a sake, ba ko ɓarɓashin kanwa. Na tsaya da ita a hannu, na tuna ranar da Rabi ta fara hawa ma'auni. Na fito tsakar gida, na tarar da ita a inuwa da kofin fura a ƙarƙashin gyale.

"Rabi, ina kanwar?"

"Na ba Inna Azumi. Ba tsarabarta ba ce?"

"Yaushe?"

"Kaɗan-kaɗan."

Sai ta fashe da dariya, har da tafa hannu. Ta ce tun satin farko ta gane sun rubuta nauyinta da kaya a jiki. To duk ranar da ta san ta ɗan sha fiye da ƙima, sai ta cire dunƙulen kanwa ɗaya kafin mu fita. Da kanwa ta ƙare ta koma awarwaro, da suka ƙare ta rage zane. Ruwa na shiga, kaya na fita, ma'auni na tsaye wuri ɗaya. Kanwar kuma Inna Azumi ta zuba mata ita a miya, ta koma cikin da ta fito daga kansa.

"Duwan nawa na wuce a rayuwata," in ji ta, "sai wani ƙarfe da ko Faransanci bai ji ba?"

Na ce, "Ke wa kika cuta? Madam Bake ce za ta kwanta? Duk abin da kika cire ruwa ne ya maye gurbinsa, yana nan cikinki!" Ta ce in rage murya, ai gobe ma rana ce, za ta bari a janye. Na ce gobe da bakina zan faɗa, a gaban kowa. Ta ce in na tona ta ba ita ba ni. Na fizge kofin na watsar da furar, kaji suka taru. Can da yamma na same ta a ɗaki. Ta ce kanta na sara, na ce mu tafi asibiti yanzu, ta juya mini baya ta ce ba ta magana da 'yan rahoto.

Litinin da safe rana ta fito, na gama shiri, ita tana zaune bakin katifa tana ɗaura ɗankwali. Na ga ta ɗaga hannun dama ya faɗo. Ta sake ɗagawa ya faɗo. Na ce, "Yi sauri, gimbiya, inji ba ya jiran kowa." Ta juyo za ta rama. Bakin ya ja gefe ɗaya, abin da ya fito ba magana ba ce. Idonta kuwa ras, ta san abin da ya same ta, ta san shi tun a jikin uwarta.

Inna Azumi ta rugo tana salati, wai iska ce ta buge ta, a kawo hayaƙi a kira malam. Na ce duk wanda ya tsayar da mu sai na fasa masa kai da taɓarya. Wani maƙwabci mai mota ya taimaka muka ɗauke ta. A asibiti na kama hannun Madam Bake na zazzage mata komai, kanwa, awarwaro, fura, miya. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta ce dai da kyau da muka zo da wuri, ta tura gadon da gudu.

Likita ya ce jijiya ce ta toshe, ba fashewa ta yi ba, kuma ba wanda zai rantse cewa ruwan ne kaɗai ya jawo, tunda ga sukari ga tansiyon shekaru. Amma da aka auna ta da zane ɗaya, ruwan da suka yi ta janyewa a satin nan sai da ƙafafunta suka koma irin na lokacin da muke 'yan mata. Ta rayu. Hannun dama bai dawo ba, ƙafar tana ja, magana tana fitowa ɗaya-ɗaya kamar ana ciro ta daga rijiya. Likita ya ce wanda abin ya taɓa sau ɗaya ya fi kowa kusa da na biyu. Yanzu a kujera ake auna ta, ni nake cire mata ɗankwali da kaina.

Da Zalika ta yi arba'in ta zo da jaririnta ta karɓe ni, don ni ma gidana ya kusa manta kamannina. Ranar da zan taho na durƙusa gaban Rabi na ce, "To uwar ɗakina, baiwarki za ta tafi." A rayuwata ban taɓa ce mata haka ba. Na jira ta ji daɗi. Sai ta kamo gyalena, ta daɗe tana kokawa da harshenta, yawu na zuba ina sharewa.

"Kada... ki ce musu... bakina."

Na ce to. Na rantse mata ma.

Ga shi kuwa na faɗa muku, da bakin da duk sauran. Allah ya yafe mini, ita ma in ta ji ta yafe in ta ga dama. Na faɗa ne don jiya na ji kun haɗa kai za ku ɗauki mota ranar Juma'a ku je dubiya, har an jiƙa gero, wata ta aika Gaya a sayo kilishi. Ku ba 'ya'yanku su ci. Wadda ba za ta iya shiga ɗakin nan hannu rabbana ba ta zauna gida, wadda kuma ta san in ta ga fuskar za ta saki salati ita ma ta zauna. In ta roƙe ku ruwa, kuma za ta roƙa, da ido za ta roƙa, ku kira Zalika ta auna mata.

In kun shiga ku zauna ta gefen hagunta. Da wannan hannun take iya riƙe mutum.